Nazarin lamari: iyalin da suka je ɗaukar hoton zakin teku a gaɓar Monterey

## Su waye, me suka je nema

Magidancin da lamarin ya shafa yana zaune da iyalinsa a Sakaramento, babban birnin jihar Kalifoniya a Amurka, can cikin tudu inda zafin watan Yuli kan haura digiri 35. Shi da uwargida ne da yara biyu, mace mai shekara 12 da namiji mai shekara 7. Sun kama wurin kwana huɗu a sansanin tantuna na Sunset State Beach, kusa da garin Watsonville a gaɓar tekun Monterey, tafiyar kusan awa uku a mota. Wuraren kafa tanti na gwamnatin jihar ana buɗe rajistarsu ne wata shida kafin ranar, kuma na lokacin hutun makaranta nan da nan ake wawashe su. Don haka tun cikin Janairu ya biya kuɗin makon farko na Yuli. Hutun yara ne ya zaɓa musu ranar.

Burinsa ɗaya ne, kuma ya sha faɗarsa a gida: hoton ƙaton namijin zakin teku, kai a ɗage, gashin baki a fili, wanda zai wanke ya rataye a falo. Kayan aikinsa kyamara ce irin ta masu koyo mai megafiksel 24, da gilashi biyu, gajere mai milimita 18 zuwa 55 da dogo mai 55 zuwa 200. Tun da ya saye ta bai taɓa juya ta daga kan atomatik ba. Ba shi da matsayin kyamara mai ƙafa uku. Akwai madubin hangen nesa guda ɗaya, sai wayoyin hannu.

## Dabbar da kalandarta

Zakin teku na Kalifoniya dabba ce mai shayarwa, iska yake shaƙa, kifi yake ci. Babban namiji yakan haura kilo 300, tsawonsa ya wuce mita 2, kuma idan ya kai kamar shekara biyar wani tudu yakan fara fito masa a goshi. Mace ba ta cika wuce kilo 100 ba. Yana da ɗan guntun kunne a waje, ya kuma iya juyo ƙafafunsa na baya ƙarƙashin jiki ya taka da huɗu, har ya hau dutse ko katako. Nan ya bambanta da ɗan'uwansa sil, mai dabbare-dabbare, wanda ba shi da kunnen waje, kuma jan ciki yake yi idan ya fito tudu. Sil ba ya cika hayaniya ba, zakin teku kuwa haushi yake dare da rana.

Daga watan Mayu zuwa ƙarshen Yuli manyan mazan suna can kudu wurin barbara, a tsibiran Channel, musamman San Miguel da San Nicolas, da kuma tsibiran gaɓar Meksiko. Yawancin 'ya'yan a watan Yuni ake haihuwarsu. Kowane ƙato yakan kama ɗan filinsa ya tsare, ya yi makonni bai ci komai ba don kada wani ya ƙwace. Sai an gama ne suke hauro arewa, wasu har Kanada. Ke nan a farkon Yuli abin da ya fi yawa a kewayen Monterey ƙanana ne da samarin da ba su isa shiga faɗan ba. Ko a Pier 39, wata tashar jiragen ruwa a San Faransisko, inda suka tare bayan girgizar ƙasar 1989 har aka taɓa ƙirga 1,701 a Nuwamban 2009, katakan kan yi kusan wayam a Yuni da Yuli. Magidancin bai san da wannan ba lokacin da yake biyan kuɗi.

Akwai kuma doka. Tun 1972 Amurka ta haramta kashewa, kamawa, ko takura wa dabbobin teku masu shayarwa, kuma takurawa ta haɗa da duk abin da zai sa dabba ta bar hutunta, ko cin abincinta, ko shayar da ɗanta. Ba su abinci ma laifi ne. Hukumar NOAA, mai kula da harkar teku da yanayi, ta shawarci mutane su tsaya aƙalla yadi 50 daga sil da zakin teku, kusan mita 45, wato taku sittin na babban mutum. Magidancin ya ga wannan a allunan bakin teku, ya karanta ya wuce.

## Alhamis: isowa

Sun iso da la'asar suka tarar da hazo ya rufe gaɓa, sanyi kuma ya sa kowa ya laluɓo rigar sanyi. Haka bazarar wannan yanki take: iska na tura ruwan saman teku, ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa, danshin iska ya daskare ya zama hazo, ya kwana ya kai hantsi, wani lokaci ya wuni.

Bayan an kafa tanti suka gangara bakin ruwa. Rairayi ne zalla iya ganin ido, babu dutse, babu katako. A wannan gaɓa lafiyayyen zakin teku ba ya cika kwanciya a irin wannan fili ba, ya fi son duwatsu da tsibirai da katakan tashar jiragen ruwa. Abin da suka gani kwasakwasai ne suna wucewa a jere, sai wani baƙin kai da ya ɓullo bayan igiyar ruwa ya nutse kafin a cire murfin gilashi. Kyamarar ta kwana a cikin tanti. Da safe raɓa ta lulluɓe gilashin, sai da aka jira ya bushe.

## Juma'a: Point Lobos da rana tsaka

Point Lobos wuri ne da jiha ta keɓe don kare halittu, a kudancin garin Carmel. Ba a kwana a ciki, ba a shiga da kare, ana buɗe ƙofa ƙarfe 8 na safe, kuma wurin ajiye motoci yakan cika da wuri. Iyalin ba su bar sansani ba sai wajen 11, saboda murhu ɗaya ne kuma kowa yana son shayi da ƙwai. Suka tarar ciki ya cika, suka ajiye mota a gefen babbar hanya suka taka. Ba su isa wurin da ake kira Sea Lion Point ba sai bayan ƙarfe 1 da rabi.

Tun kafin su ga komai suka fara jin haushin. Dabbobin suna nan, amma a kan wasu duwatsu can cikin ruwa, nisan da ya kai mita 300 a kiyasin ido. Hazo ya washe, rana ta fara karkata yamma, gaɓar kuma yamma take kallo, don haka hasken na dukan ruwa yana dawowa cikin ido.

Magidancin ya fara da dogon gilashi a kan 200, kyamara a hannu, a kan atomatik. Abin da ya fito baƙaƙen dunƙule ne a kan baƙin dutse, bayansu farin ruwa fat. Ya koma waya ya jawo hoton har sau goma, sai ya zama dusu-dusu, ba a bambance kai da wutsiya. Daga nan ya tsallake wayar da aka ja a gefen hanya ya gangara 'yan taku kan dutse. Wani dattijo mai aikin sa-kai ya kira shi cikin ladabi ya ce ya dawo, ba a barin hanya a nan. Ya dawo. Ko da an ƙyale shi, taku goma ba su rage komai daga mita 300 ba.

Ya ɗauki hotuna sun fi ɗari biyu, haƙa ba ta cimma ruwa ba. Yaron ya fara ƙorafin yunwa, yarinyar ta zauna a benci ta kifa kai a waya. A hanyar komawa mota uwargida ta ce, "Abban yara, mu fa ba mu ga komai ba, bayanka kawai muka wuni muna kallo." Madubin hangen nesa yana cikin jakarsa tun safe, ba wanda ya tuna da shi.

## Asabar da sassafe: ɗan zaki a kan rairayi

Bayan asuba bai koma barci ba. Wajen 6 da rabi ya ɗauki kyamara ya bi bakin ruwa shi kaɗai cikin hazo. Can ya hango wani abu a saman inda ruwa ke tsayawa, da ya matsa sai ga ɗan zakin teku shi kaɗai, bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, ya dunƙule.

Ya fara ɗauka daga nesa, dabbar ba ta motsa ba. Ya rage nisan ya koma kamar mita 20, ta ɗago kai ta dube shi ta mayar. Ya ƙara matsawa har kusan mita 8, ya durƙusa. A nan ne ta yunƙura a kan ƙafafun gaba, ta buɗe baki ta yi wani gurnani a dishe, ta ja jiki baya kamar taku biyu, sannan ta sake zubewa. Ya ci gaba da dannawa. A ransa sa'a ce ta zo masa har ƙofar tanti.

Ya koma da sauri ya taso iyali. Yarinyar ce ta fara lura. "Abba, dubi ƙasusuwan bayansa. Ba shi da lafiya." Haka ne kuwa: ana ƙirga haƙarƙarinsa, ƙashin kwankwaso ya fito, fatar wuya ta yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar an ba shi aron riga, idanu kuma rabi a rufe. Yaron ya ce a kawo masa kifin gwangwanin da ke cikin kaya. Yarinyar ta ce a ɗebo ruwa a bokiti a zuba masa, ko a tura shi ya koma teku. Uwar ta riƙe hannun yaron ta ce ba wanda zai ƙara taku ɗaya, ta kuma sa mijin ya kira lambar da ke jikin allo a mashigin bakin ruwa.

Ceton irin waɗannan dabbobi a wannan sashe na gaɓa yana hannun Marine Mammal Center, cibiyar da aka kafa a 1975, mai asibitinta a Sausalito kusa da San Faransisko. Wadda ta ɗauki wayar ta tambayi girman dabbar, launinta, ko tana da kunne a waje, ko akwai rauni ko zare a wuya, da kuma daidai inda take. Ta ce su ja baya, su hana masu karnuka matsowa, kada a ba ta abinci, kada a zuba mata ruwa, kada a kora ta teku. A nan dai hoton ya yi amfani, domin an nemi ya tura guda ɗaya.

Kafin hantsi masu aikin sa-kai suka iso da raga da allunan katako da keji. Ɗaya daga cikinsu, bayan sun gama, ta tsaya ta yi wa iyalin bayani. Ɗan bara ne. Uwa takan shayar da ɗa kusan shekara guda, idan haihuwa ta gaba ta matso sai ya fita neman na kansa, kuma ba duka ke iya kamun kifi da wuri ba. Wanda ya gaza yakan fito tudu a rame, sanyi na cinsa saboda kitsen da ke kare shi ya ƙare. Kwanciyar nan ita ce ɗan abin da ya rage masa na tattalin ƙarfi, duk yunƙurin da ya yi don ya kori mutum daga ajiyarsa yake cirewa. A 2015, lokacin da ruwan gaɓar ya ɗumama kifi ya yi nisa, ƙananan da suka fito haka a Kalifoniya sun haura 3,000 cikin 'yan watanni.

Ta kuma gaya musu dalilin da ya sa zakin tekun da bai gudu ba ya fi wanda ya gudu haɗari. Akwai guba mai suna domoik, wadda wani ƙanƙanin tsiron ruwa ke samarwa idan ya yi yawa. Ƙananan kifaye su ci, zakin teku ya ci kifayen, gubar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Sai ka ga dabba tana kaɗa kai, tana kumfar baki, tana farfaɗiya, ba ta san inda take ba, kuma tana iya kai cizo ba gargaɗi. A wannan gaɓa ta Monterey aka fara tabbatar da ita a jikinsu a 1998, shekarar da fiye da 400 suka mutu, ta kuma sake yin ɓarna mai yawa a kewayen Santa Barbara a Yunin 2023. Akwai kuma wata cutar ƙoda da ke fita ta fitsarinsu, mai kama karnuka har da mutane. Cizonsu kuwa yakan ruɓa, yana bukatar magani na musamman.

Kafin ta tafi magidancin ya tambaye ta ina manyan suke. Ta ce suna kudu, ya dawo bayan Agusta. Idan kuma yau yake so, ya je tashar jiragen Moss Landing, samari na nan a kan katako.

## Asabar da dare: bitar hotuna

A cikin mota suka zauna, batir na caji, suna duba hotunan. Na ɗan zakin su ne mafi kusa da ya taɓa ɗauka, amma babu na ratayewa a ciki. Rabinsu sun yi rawa, sauran kuma dabba ce marar lafiya tana buɗe wa mai hoton baki.

Wata dattijuwa a tantin maƙwabta, mai ɗaukar hoton tsuntsaye, ita ta nuna masa bayanan da kyamara ke ajiyewa a jikin kowane hoto. Na safiyar nan duk saurin ɗaukarsu tsakanin 1/60 da 1/125 na daƙiƙa ne. Da gilashi a kan 200 a irin kyamararsa, rawar hannu kaɗai na bukatar aƙalla 1/300, dabba mai motsi kuwa 1/1000. Na Juma'a matsalarsu daban: kyamarar ta ga farin ruwa ya cika hoto, ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, dabbar da dama baƙa ce idan ta jiƙe ta ƙara duhu.

Sannan ta yi masa wani ɗan lissafi a bayan rasit. A nisan mita 45, gilashinsa a kan 200 yana ɗaukar faɗin fili kamar mita 5 da ɗan ɗori. Dabba mai mita 2 za ta cika fiye da kashi ɗaya cikin uku na hoton, kuma da megafiksel 24 ana iya yanke gefe a bar ta ta cika. A mita 300 kuwa faɗin ya kai mita 35, dabbar ta zama ɗigo, kuma babu saitin da zai gyara wannan.

Abin da suka shirya ke nan: a juya kyamara zuwa inda mai ita ke zaɓar saurin ɗauka, a sa 1/1000, a bar ISO, wato ma'aunin karɓar haske, ya hau da kansa, a ƙara haske mataki ɗaya idan ruwa ko hazo ya cika hoto, a sa ɗigon saiti guda ɗaya a kan idon dabba. Kyamara ta kwana a mota cikin leda mai zip. Uwargida ta ɗura shinkafa a wata tsohuwar safa ta ɗaure bakin, ta zama matashin da za a ɗora gilashi a kai. Karin kumallo kuma burodi ne da shayi a fulas, a ci a hanya.

## Lahadi: wuri biyu, sabon tsari

Ƙarfe 8 suna ƙofar Point Lobos. Hazon bai yi kauri ba, rana na bayansu. Ya ɗora safar shinkafa a kan shingen katako ya daina neman fuska, ya ɗauki duwatsun gaba ɗaya da garken a kai, igiya na fashewa a ƙasa. A wannan haske launinsu ya fito: waɗanda suka bushe ruwan ƙasa ne mai haske, wasu har da ɗan ja-ja, waɗanda suka fito yanzu baƙi wuluk suna sheƙi. Hotunan wuri ne, ba na dabba ɗaya ba, amma suna da kyau.

Masu aikin sa-kai sun kafa babban madubin hangen nesa mai ƙafa a wurin don baƙi. Yarinyar ta leƙa ta ce, "Umma, zo ki gani, nesa ta zo kusa." Sai ta kara kyamarar wayarta a bakin madubin, ta yi ta gyara hannu har da'irar ta daidaita, ta danna. Wani saurayin zaki ne yana sosa wuya da ƙafar baya. Gefen hoton ya yi duhu, tsakiyar kuwa tas. Har zuwa lokacin shi ne hoto mafi kyau na tafiyar, abin da mahaifin ya amsa da ɗan jinkiri.

Da la'asar suka je Moss Landing, ƙaramar tashar masunta a bakin fadamar Elkhorn Slough, minti ashirin daga sansani. Warin ne ya fara tarbar su. Samarin zakuna sun yi cincirindo a kan wani katako mai yawo a ruwa, wasu a kan wasu, kamar mita 35 zuwa 40 daga tudun da mutane ke tsayawa. A tasha irin wannan dabbobin ne suka zaɓi zama kusa da mutane, akwai ruwa a tsakani, kuma ma'aunin da ya rage shi ne ko sun damu da kai. Ba su ko kalli iyalin ba.

Suka zaɓi inda rana ke bayansu suka zauna a ƙasa, ya ɗora safar a gwiwa. Minti ashirin na farko bai ɗauki abin kirki ba, barci kawai suke. A hankali tsarin ya bayyana. Wani zai taso daga ruwa ya zagaya katakon yana leƙen gurbi. Sai ya yi tsalle ya faɗo kan na gefe. Wanda aka taka ya ɗage kai sama ya buɗe baki, na kusa da shi ya karɓa, haushin ya bi layi har ƙarshen katako, wani ya faɗa ruwa, cikin rabin minti kowa ya koma barci. Bayan 'yan mintoci a sake. Duk hoton da ake nema yana cikin daƙiƙa biyar ɗin farko, kuma mai zagayen nan shi ne alamar.

Aka ba yaron madubin hangen nesa aka ce aikinsa ya sa ido a ruwa. Ya riƙe aikin da gaske. "Abba, ga wani ta hagu, zai hau, zai hau!" Mahaifin ya riga ya saita a kan wanda za a taka. Da haka ya samu jerin hotuna masu kyau: baki a buɗe, gashin baki a miƙe, ɗigon ruwa a tsaye cikin iska. Can gefe yaron ya ga wasu suna yawo a saman ruwa ba motsi, kowanne ya ɗaga ƙafa ɗaya sama, ya ce, "Yaya, waɗancan sun mutu." Hutawa suke. Ƙafar ba ta da kitse, jijiyoyin jini na kusa da fata, da ita suke daidaita zafin jiki. Sun yi awa ɗaya da rabi a wurin, ba wanda ya nemi a tafi sai da iska ta yi sanyi.

## Litinin, da kuma Oktoba

A hanyar gida suka tsaya a doguwar gadar katako ta Santa Cruz, inda zakunan ke kwanciya a kan ginshiƙan ƙasa. Kallo ya yi daɗi, hoto bai yi ba: daga sama bayansu kawai ake gani, ƙarƙashin gadar kuma duhu.

Ƙaton namijin bai samu ba a wannan tafiya. A tsakiyar Oktoba suka dawo na wuni guda, lokacin da hazo ya ragu a gaɓar, suka je shingen duwatsun da ke tare igiya a tashar Monterey. Manyan sun dawo, sun cika duwatsun. Daga bayan shingen ƙarfe, da gilashi ɗaya da saiti ɗaya da safa ɗaya, ya samu hoton cikin ƙasa da awa guda: tudun goshi ya yi fari-fari, wuya kamar turmi, ido a rufe yana shan hantsi. Shi ne a falon yanzu, na yarinyar a gefensa.

## Me ya yi aiki, me ya ƙi, kuma don me

Magidancin ya ɗauka matsalarsa nisa ce, don haka duk dabararsa ta kwana biyun farko rage nisa ce: jawo hoto a waya, tsallake shinge, durƙusawa a gaban dabba. Babu wadda ta ba shi hoto. Jawowar waya faɗaɗa ɗigo ne kawai, ba ta ƙara komai. Tsallake shinge a Point Lobos karya doka ne a banza. Na ranar Asabar shi ne mafi muni, kuma a ganina ba ƙaramin abu ba ne: dabbar ta ɗago kai tun yana mita 20, a nan ya kamata ya tsaya ya koma. Da ta yunƙura ta ja baya, abin da dokar 1972 ta kira takurawa ya riga ya faru, a kan dabbar da ba ta da ƙarfin asara. Da cizo ya biyo baya, ko da yaron ne ya riga kowa isa wurin, da labarin ya sauya. Irin wannan matsowa, idan ta taru daga dubban masu waya, ita ta sa aka rufe Point La Jolla, wata gaɓar da zakunan teku ke taruwa a San Diego, ga jama'a, da farko na 'yan watanni a shekara, daga 2023 kuma shekara gaba ɗaya.

Abubuwan da suka hana shi hoto guda huɗu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi girma shi ne wata: dabbar da yake nema ba ta yankin a Yuli, kuma babu ƙwarewar da za ta kawo ta. Na biyu wuri: rairayin sansani ba mazauninsu ba ne, duwatsun Point Lobos kuma sun fi ƙarfin gilashi mai 200. Sai lokacin wuni da inda rana take, sai saitin kyamara, wanda gyaransa bai ci minti goma ba. Bai sayi sabon abu ko ɗaya ba tsakanin Juma'a da Oktoba.

Zaman Moss Landing ya yi aiki ne saboda dabbar da ba ta damu da kai ba tana maimaita halinta, abin da ake maimaitawa kuma ana iya tarbarsa da kyamara a saite. Wadda aka tsorata abu biyu kawai take nunawa, baki a buɗe ko baya tana gudu. Raba aiki ma ya taimaka fiye da yadda ake zato, domin mai ido a cikin kyamara ba ya ganin abin da ke tahowa daga gefe, kuma yaron da aka ba madubi ya daina tambayar yaushe za a tafi. Uwargida ce ta fara gano wannan ɓangaren tun ranar Juma'a, kodayake ba a saurare ta ba sai Lahadi.

Abu ɗaya bai warwaru ba. Hotunan zakuna suna tsalle a cikin ruwa har yanzu ba sa fita, domin kyamarar ba ta da saurin kama saiti a kan abin da ke ɓullowa ya nutse cikin daƙiƙa ɗaya, kuma a buɗaɗɗen teku 200 ya yi gajere. Ya yanke shawarar idan za su koma zai yi hayar gilashi mai milimita 400 na kwana biyu maimakon saye, ya kuma nemi wurin tanti a Satumba ko Oktoba, ko da kwana biyu ne na ƙarshen mako.